'Ya'yan Sojojinmu da Ƙofar Kwaleji

'Yan'uwa manoma, kowace shekara ran 15 ga Janairu akan tuna da sojojin da suka rasu. A ajiye furanni a Abuja, a yi jawabi, washegari kowa ya koma sha'aninsa. Amma tun da aka fara yaƙin Boko Haram a 2009, akwai matan da suka baro bariki suka dawo ƙauyukanmu da akwati ɗaya da yara. Yanzu yaran sun isa shiga kwaleji.

A yawon aikina na malamin gona na sadu da wata yarinya irin wannan. Ta ci jarrabawar JAMB, amma tana gida tana ɓarar zoɓo. Me ya hana ta? Takarda. An haife ta a bariki, ta yi firamare a gari uku saboda canjin wurin aikin mahaifinta, ba ta da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Mai unguwa kuwa sunan uban ya sani, bai san fuskar 'yar ba. Rundunar soja tana da tsarin biyan kuɗin karatun 'ya'yan sojan da ya mutu a bakin aiki, amma sai an kai shaidar mutuwa da takardar samun gurbi, a yi ta sintiri. Matar da ba ta da kuɗin mota zuwa Gumel, ina za ta iya wannan?

Wasu za su ce ai nauyin gwamnati ne. Gaskiya ne. Amurka ta yi doka a 1944, ta biya wa sojojin Yaƙin Duniya na Biyu kuɗin karatu, fiye da miliyan 2 suka shiga jami'a da kwaleji. Mu ma muna son irin wannan. Amma kafin ta zo, yarinyar nan shekarunta tafiya suke yi.

Ga shawarata. Kowace ƙungiyar gama kai ta zaɓi mutum ɗaya mai ilimi, ya rubuta sunayen 'ya'yan sojoji da tsofaffin sojojin da ke yankinsa, Kirista da Musulmi duka. Dattawan ƙungiya su raka yaro wurin dagaci su yi masa shaida. Sa'an nan a nuna masa yadda ake neman rancen karatu na NELFUND, wanda aka fara bayarwa a 2024. Makarantu ba su yi mana nisa ba: ga Kwalejin Ilimi ta Gumel, inda ni ma na yi karatu, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga ta Tarayya a Dutse.

Kada kuma mu manta da sojan da ya yi ritaya. In ya ce zai koma aji yana da furfura, kada a yi masa dariya a dandali. Mutumin da ya saba kiyaye lokaci da lissafin kaya, shi muke bukata ya riƙe mana littafin sito.

Batun kuɗi kuwa, in kaka ta yi, kowane mamba ya ba da tiya ɗaya ta riɗi. A sayar ran Alhamis a kasuwar Maigatari, a ware kuɗin don mota da rajista kawai. Zan kawo maganar a taronmu na gaba, ina roƙon sakatarori su zo da sunayen.