Tantance Jadawalin Albashi ta Rumbun Bayanai a Najeriya

Tantance jadawalin albashi ta rumbun bayanai hanya ce ta kwatanta jerin masu karɓar albashi da sauran bayanan hukuma, kamar rajistar ma'aikata da lissafin kuɗin da banki ya biya, domin gano inda suka saɓa. A Najeriya an fi danganta wannan aiki da yaƙi da ma'aikatan bogi, wato sunayen da ake biyan albashi alhali babu mai aikin.

Asali

Gwamnatin tarayya ta fara amfani da tsarin IPPIS a shekarar 2007, don tara bayanan ma'aikata wuri guda a riƙa biyan su kai tsaye ta banki. Ofishin Akanta Janar na Tarayya ne ke kula da shi. A 2014 Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da BVN, lamba mai alƙaluma 11 da ke haɗe da zanen yatsun mai asusu. A watan Fabrairun 2016, ma'aikatar kuɗi ƙarƙashin Kemi Adeosun ta sanar da cire sunaye 23,846 daga jerin albashi bayan an yi amfani da BVN, abin da ta ce ya rage kashe naira biliyan 2.29 a wata.

Yadda ake yi

Ana ajiye bayanan ne a jadawali daban-daban, sannan a rubuta tambayoyi da harshen kwamfuta na SQL. Tambaya ta farko takan tara layukan da ke da BVN iri ɗaya, ta fito da duk lambar da ta bayyana fiye da sau ɗaya. Ta biyu takan haɗa jerin albashi da rajistar ma'aikata, ta ware sunan da ke karɓar kuɗi amma ba shi a rajista. Ta uku takan auna abin da aka tura banki da abin da matakin ma'aikaci ya tanada. Akan kuma duba ranar haihuwa da ta kama aiki, tunda yawancin ma'aikatan gwamnati kan yi ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 da aiki.

Matsaloli

Ba a dogara da suna wajen haɗa jadawali, domin mutum ɗaya kan fito a matsayin Muhammad a wata takarda, Mohammed ko Muhammadu a wata. Kwamfuta za ta ɗauke su mutum uku. Haka kuma, tambaya saɓani kawai take nunawa, ba ta tabbatar da laifi. Kuskuren alƙalami ɗaya na iya sa a tsayar da albashin ma'aikaci na gaskiya, shi ya sa ake bin sakamakon da tantancewa ido da ido.

Taƙaddama da jami'o'i

Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta ƙi IPPIS bisa hujjar cewa bai dace da tsarin jami'a ba. Malamin da ke koyarwar ziyara a wata jami'a yakan fito a wurare biyu bisa ƙa'ida, amma tambayar neman maimaici za ta saka shi cikin waɗanda ake tuhuma. Ƙungiyar ta gabatar da nata tsarin mai suna UTAS, kuma batun na cikin dalilan yajin aikin wata takwas na 2022. A Disambar 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da cire manyan makarantu daga IPPIS. Wannan ya bai wa makarantun iko a kan jerin albashinsu, tare da ɗora musu nauyin tantance shi.