Sharhi: Wa ke auna ruwan da ke ƙarƙashin gidajen mai a Maradi?

A ƙwaryar birnin Maradi da kan hanyar da ta ratsa Jiratawa zuwa Ɗan Isa, fetur ba ya wuyar gani: ga gidajen mai, ga 'yan ruwa-ruwa da kwalabe da jarkoki a bakin titi. Abin da ido ba ya gani shi ne inda man da ya zube yake tafiya.

Tambayar ta fi nauyi a Jiratawa, inda gandun noman rani da hukumar ONAHA ke kula da shi ya dogara da rijiyoyin burtsatse a kwarin Gulbin Maradi. Ruwan ƙasa a kwarin ba shi da nisa, ƙasar kuma rairayi ne mai saurin tsotsewa. Idan tankin da aka binne ya yi tsatsa ya huje, yana iya shekaru yana ɗiga ba wanda ya sani.

Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, don haka yakan kwanta a saman ruwan ƙasa, sinadarin benzin da ke cikinsa kuma ya narke ya bi ruwan. Benzin yana haddasa kansar jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce maikirogiram 10 a lita ɗaya, adadin da hanci ba ya iya shaƙowa. A rahotonta na 2011 kan yankin Ogoni a Najeriya, hukumar UNEP ta samu rijiyoyin sha a Nisisioken Ogale da benzin ya ninka wannan iyaka fiye da sau 900.

Mutanen Maradi ba sa buƙatar zuwa Ogoni neman darasi. A Tibirin Gobir, yara sun kwashe sama da shekara goma, daga tsakiyar shekarun 1980, suna shan ruwan famfo mai yawan sinadarin fuloraid, har haƙora suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe. Guba daban ce, amma ciwon ɗaya ne: ba a auna ruwa a kan lokaci ba.

Aikin sa ido ba gagarau ba ne. Ana haƙa 'yan siraran rijiyoyi kewaye da wurin da ake zargi, ɗaya ta inda ruwan ƙasa ke fitowa, sauran ta inda yake gangarawa. Sai a riƙa ɗibar ruwan ana kai wa ɗakin gwaji a kai a kai, musamman bayan damina, lokacin da ruwan ke tasowa ya tarar da gurɓatacciyar ƙasa.

Nauyin yana kan hukumomin muhalli da na ruwa su sa wannan cikin sharuɗɗan lasisin gidan mai, su kuma bayyana sakamakon ga jama'a. 'Yan ci-rani da ke aiko da kuɗi a haƙa rijiya a unguwa su ma suna da abin yi: su ware kuɗin gwaji, su tambayi tazarar da ke tsakanin rijiyar da tankin mai mafi kusa. Rigakafi ya fi magani, domin tsabtace ruwan ƙasa da ya gurɓata aikin shekaru ne.