Dafin Kwalara da Amfanin Ruwan Gishiri da Sukari

Abin da nake so in yi magana a kai shi ne ciwon amai da gudawa, wato kwalara, da wata al'ada tamu mai halaka rayuka. Idan mutum ya kamu, sai ka ji an ce kada a ba shi ruwa, wai zai ƙara masa gudawa, a jira sai an sami allura. A ganina wannan babban kuskure ne, kuma wanda ya san yadda cutar take aiki ba zai yarda da shi ba.

Ƙwayar cutar kwalara tana shiga cikinmu ta gurɓataccen ruwa ko abinci. Abin mamaki, ba ta shiga jini, ba ta kuma huda hanji. Maƙalewa take yi a jikin hanji tana zubar da dafi. Wani likita ɗan Indiya, Sambhu Nath De, shi ne ya tabbatar da wannan dafi a Kalkata a shekarar 1959.

To, ga yadda dafin yake ɓarna. Bangon hanji an gina shi ne da ƙananan ɗakuna masu rai waɗanda ido ba ya gani, masana kimiyya suna kiransu sel. Kowane ɗaki yana da makunni a ciki, wanda yake aika saƙo cewa a buɗe ƙofa gishiri ya fita, ko kuwa a rufe. Shi dafin kashi shida ne. Biyar suna kama bangon ɗakin su riƙe, na shidan ya kutsa ciki ya danne makunnin, ya hana shi komawa. Daga nan saƙo ɗaya kaɗai ake ta aikawa ba ƙaƙƙautawa: a buɗe! Gishiri ya yi ta kwarara cikin hanji, ruwan jiki ya bi shi, kamar famfon da aka karya wa kai. Babban mutum yana iya zubar da lita 20 a yini ɗaya, gudawar fara kamar ruwan wankin shinkafa. Ashe ƙarewar ruwa ce take kisa.

Irin wannan makirci ba kwalara kaɗai ke yinsa ba. Dafin ƙwayar tarin shiƙa ma makunni yake lalatawa, har sojojin jini, wato fararen ƙwayoyin jini, su kasa jin kiran da ake yi musu zuwa fagen fama.

Amma Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta. Akwai wata ƙofa dabam a ɗakunan hanji wadda dafin kwalara bai taɓa ba. Ita wannan ƙofa ba ta shigar da gishiri sai tare da sukari, kuma in sun shiga, ruwa yana biye da su ya koma jiki. Wannan shi ne asirin ruwan gishiri da sukari. Ba tsayar da gudawa yake yi ba, mayar da abin da ya zube yake yi, har jiki ya sake sababbin ɗakuna cikin 'yan kwanaki.

An gwada an gani. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira, ruwan ƙari na asibiti kuma ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa dangin majiyyata suka yi ta ba su wannan ruwa su sha. Mace-mace suka sauko daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4 cikin 100. Mu ma nan abin ya shafe mu, domin annobar da ta taso daga Indunusiya a 1961 ta iso Afirka ta Yamma a 1970, kuma a 1991 kaɗai ta kashe fiye da mutum 7,000 a Nijeriya.

Wani zai ce, ai allura ta fi ƙarfi. Gaskiya ne maganin asibiti yana kashe ƙwayar cutar, yana rage kwanakin jinya. Sai dai ba ya gyara makunnin da dafi ya riga ya danne, ba ya kuma mayar da ruwan da ya zube. Saboda haka a fara bai wa majiyyaci ruwan tun daga gida, a ci gaba da ba shi a kan hanya. Wanda idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, a garzaya da shi asibiti a yi masa ƙarin ruwa.

Haɗin ba wuya. A sami tafasasshen ruwa lita 1 ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, kowanne a shafe, ba tozo. In akwai ƙullin da ake bayarwa a asibiti ya fi, a bi abin da aka rubuta a jikinsa. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a dakata kaɗan a ci gaba. Jariri kuwa kada a hana shi nono.

Ina roƙon kowane ɗalibi, in an tafi hutu, ya koya wa mutanen gidansu wannan haɗi, ya kuma bayyana musu dalilinsa. Iyayenmu kuma don Allah ku saurare mu, ko da yake mu yara ne. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya kiyashe mu da annoba, amin.