Baƙon Da Bai Shiga Kasuwa Ba Bai Ga Gari Ba

Ga hutu ya ƙarato, kowa ya fara ɗaure kayansa. Waɗansu za su yi arewa, waɗansu kudu, waɗansu kuma nan gaba kaɗan za a tura su garuruwan da ba su taɓa zuwa ba domin su gwada koyarwa. Saboda haka na ga ya kamata in faɗi wata 'yar magana da ta daɗe tana damuna, tun motoci ba su kwashe mu ba. Maganar kuwa ita ce, duk wanda ya sauka wani gari, ya tashi bai shiga kasuwarsa ba, bai kuma ɗanɗana abin da a ke toyawa a bakin hanyarsa ba, to, kada ya dawo ya ce mana ya je garin nan. Ratsawa kurum ya yi.

Mu da mu ke zaune a Kontagora mu ya fi kamata mu san haka, gama garin namu tun asali masaukin matafiya ne. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa shi a 1864. Tsofaffi sun ce da ya iso wurin sai ya umurci mutanensa su kwantar da gora, watau su sauke gorunan ruwansu su huta, daga nan sunan ya samo tushe. Har yau kuwa nan hanyoyi su ke gamuwa. Ga wadda ta taso daga Ikko ta bi ta Ilori, da Jebba, da Mokwa, ta wuce Yawuri har Sakkwato. Ga ta Tegina mai zuwa Minna da Kaduna, ga kuma ta Rijau da Zuru. Abin kunya ne a ce mutumin da ya yi shekara uku yana karatu a irin wannan mararraba, in ya je garin wani bai san yadda a ke kwantar da gora ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tafiya da na yi zuwa Sakkwato tare da wani saurayi mai ilmi, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Da muka isa Yawuri direba ya tsaya a yi salla a ci abinci, kowa ya sauka, shi kuwa gogan naka ya zauna cikin mota, ya jawo busasshen burodi da lemon kwalba da ya taho da su. Na ce masa, "Malam, ba ka sauko mu ci kifi ba?" Ya yatsine fuska ya ce shi ba ya cin abincin kan titi. Na bar shi. Na zauna kan benci wurin wata dattijuwa mai tuwon shinkafa da miyar kifi, kafin in wanke hannu na ji yadda ruwa ya yi a bana, da dalilin da ya sa kifi ya yi tsada, da inda hanya ta lalace a gabanmu. Da muka tashi, sai ga saurayin nan yana tambayata ko wane ruwa ne wannan babba da a ke ta magana. Alhali kuwa na tabbata ya taɓa rubuta a jarrabawa cewa an gama madatsar Kainji a 1968, ta tare Kogin Kwara ta yi tafki wanda ya kai har Yawuri. Ya san abin a takarda, ya zo bakinsa bai gane shi ba.

Masu iya magana sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Ni kuwa na ce kasuwa ce maganin wannan makanta, kuma ba a biyan ko kwabo kafin a shiga. Ku gwada da tamu ta nan. Ku tsaya wurin 'yan hatsi, ku ga dawa da masara da wake da gyaɗa, nan take kun san abin da ƙasar nan ta ke nomawa. Ku matsa gaba ku ga doya wadda galibi daga ƙasar Gwari ta ke fitowa, da shinkafar fadamun Nufawa, da albasa da bandar kifi na wajen Yawuri, da manja da goro da manyan motoci su ke haurowa da su daga kudu, da dabino da kanwa da suka gangaro daga arewa. Ga Fulani da nono da man shanu, ga matan ƙauye da man kaɗe da daddawa. Ku kasa kunne kuma, za ku ji Kambarci, da Dukanci, da Dakarci, da Nufanci, da Fillanci, da Yarbanci, sa'an nan ku ji duk an koma Hausa in an zo ciniki. Wace taswira ce a bangon aji za ta nuna muku wannan duka cikin sa'a guda?

Kasuwa kalanda ce kuma. In ka ga gasasshiyar masara a ko wace kusurwa ka san damina ta zauna. In rake ya cika gari, sanyi ya shigo. In mangwaro ya yi arha har yara suna jifa da shi, bazara ce. Mudun dawa ya kan faɗi da kaka, ya hau tsakiyar damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Har halin da ƙasa ta ke ciki a nan a ke fara ganinsa. A 2021 gwamnatin Jihar Neja ta dakatar da kasuwannin shanu na mako-mako saboda ɓarayin daji. A farkon 2023, da aka sauya takardun naira, kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, mai ƙosai da mai waina su suka fara ji a jikinsu. A watan Mayu na wannan shekarar kuma aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, farashin komi ya bi shi. Wanda ya ke leƙa kasuwa ya ga waɗannan da idonsa tun kafin a yi sharhinsu a rediyo.

Kada ku ce wannan sabon ra'ayi ne. Matafiyan da mu ke karanta labarinsu cikin tarihi haka suka yi. Ibn Battuta, mutumin Tanja ta ƙasar Maroko, ya ziyarci daular Mali a 1352 zuwa 1353. Ya ba da labari cewa matafiyi a can ba ya ɗaukar guzuri, sai dai gutsattsarin gishiri da duwatsun ado da kayan ƙamshi. In ya isa ƙauye mata su fito da gero da nono da kaji da shinkafa, ya sayi abin da ya ke so. Kyaftin Clapperton na Biritaniya, wanda ya ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya shiga kasuwar Kano a wannan shekarar ya duba ta rumfa rumfa, har ya sayi laima ƙirar Ingila wadda fatake suka ƙetaro Sahara da ita. A tafiyarsa ta biyu, cikin 1826, bayan ya haye Kwara ya yi makonni a Kulfo, wani garin kasuwa a wannan yanki namu, kan hanyar fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, ya rubuta abin da ya ga ana saye da sayarwa. Da waɗannan mutane sun ƙunshe kansu a masauki, da yau ba mu da abin karantawa. Shin ba abin mamaki ba ne baƙo daga Turai ya san kasuwar kakanninmu, mu kuwa mu raina ta zamaninmu?

Wani zai ce, to, a shiga a duba mana, amma me ya kawo ci? Amsa ita ce mai kallo daban, mai ci daban. In ka tsaya kana kallo hannunka cikin aljihu, mutane su ma kallonka za su yi. Amma in ka zauna kan benci, ka yi sallama, ka ce, "Inna, a zuba mini waina," ka zama baƙonta, ba da jimawa ba kuwa za ta tambaye ka daga ina, ina za ka. Teburin mai shayi a tasha kuwa ya fi ko wace jarida sanin labarin hanya, gama nan direbobi su ke karya kumallo. Abincin kansa ma darasi ne. Inda a ke noman shinkafa za ka tarad da wainar shinkafa da tuwonta, inda wake ya yi yawa ga ƙosai da alale, bakin ruwa kifi, kusa da rugage fura da nono. 'Yan kuɗin da ka ba mai tanda kuwa ba su tafi ko'ina ba, a garin za su kwana, watakila ma su ne za su sayi littafin yaron da za ka koyar gobe. Malamin da iyayen yara suka ga yana ƙyamar abincinsu, da wuya su sake jiki da shi, ko da ya fi kowa iya alli.

Yanzu bari in zo ga babbar hujjar masu ƙi, watau cuta. Ba na musun ta, gaskiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 su ke kamuwa da ciwo ko wace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su rasu. A nan Nijeriya, annobar kwalara ta 2021 an zaci ta kama fiye da mutum 100,000, ta kashe fiye da 3,000. Wanda ya ce a ci komi a ko'ina ba masoyinku ba ne. Amma fa ƙwayar cuta ba ta san bambancin rumfa da otal ba. Abin da ta sani shi ne ƙazamin ruwa, da hannun da ba a wanke ba, da ƙuda, da abincin da ya huce ya daɗe a ajiye. Wuta kuwa maƙiyiyarta ce, gama abin da ya dahu har cikinsa ya kai digiri 70 na ma'aunin zafi, kusan duk ƙwayoyin cutar da ke cikinsa sun mutu. A wurin mai ƙosai ma kana ganin kaskon da idonka, a babban otal kuwa wa ya taɓa nuna maka madafa?

Saboda haka ga abin da na ke bi, na kuma ba ku shawara ku bi. Ku ci abin da aka sauke daga wuta a gabanku, ƙosai daga kasko, waina daga tanda. In tsire ne, ku sa a mai da shi kan tukuba ya yi zafi sosai. Ku nufi inda 'yan gari suka yi layi, don abincin wurin ba ya kwana. Ku dubi ruwan da a ke wanke kwanoni, in ya yi kauri ku yi gaba. Ku dubi ko an rufe abinci, ko kuwa ƙuda na biki a kansa. 'Ya'yan itace ku sayi wanda za ku ɓare da hannunku, kamar lemo da ayaba, ku bar wanda aka yanka aka shanya. Fura da kunun zaƙi da zoɓo sai an yi hattara, gama ba su fi ruwan da aka dama su da shi tsabta ba, balle lokacin da a ke jin labarin amai da gudawa. Ku sa ɗan sabulu cikin jaka, ku wanke hannu kafin ku ci. Wannan duk ilmin kiwon lafiya ne da mu ke koyo a aji, amfaninsa kuwa a zaɓi mai kyau a bar maras kyau. Wanda ya ƙi duka bai yi aiki da ilminsa ba, sau da yawa ma girman kai ne ya sa wa rigar tsabta.

Hujja ta biyu ita ce wai ana cutar baƙo a kasuwa. A kan yi, amma kasuwa tana da doka tun zamanin da. Clapperton ɗin nan ya lura cewa a Kano a kan rubuta sunan dillali cikin ƙunshin tufafi, in an kai har Barno aka tarar da aibi, sai a komo da kaya a karɓi kuɗi. Har yanzu kasuwanninmu suna da shugabanni da a ke kai wa ƙara. Kai dai ka yi gaisuwa kafin ka tambayi kuɗi. Ka tsaya ka ji nawa ɗan gari ya biya. Ka yi tayi da fara'a, in an ce albarka kada ka yi fushi, in an sallama kada ka fasa, in an yi maka gyara ka yi godiya. Kada ka matse tsohuwa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kada kuma ka ɗauki hoton kowa da waya sai ka nemi izini. Ka adana kuɗinka, ka shiga da rana, ka tambayi mutanen tasha halin hanya kafin ka nufi kasuwar ƙauye, gama zamanin ya zo da abin da ya zo da shi. Matambayi ba ya ɓata.

To, 'yan'uwa, ga roƙona. Kowa ya sa ɗan littafi da fensir cikin aljihu a wannan hutu. Duk garin da mota ta tsaya, ka sauko. Ka rubuta ranar da kasuwarsu ta ke ci, da kuɗin mudun hatsi, da abu uku da a ke kawowa daga nesa da inda suka fito, da abinci ɗaya da ba ka taɓa ci ba, da yadda a ke gaisuwa da harshen mutanen wurin. In mun dawo mu haɗa su mu gwada, mu ga ko mudun Zuru ɗaya ne da na Bida. Ran da kuwa aka ba ka aji, ka sami abin da za ka koya wa yara lissafi da labarin ƙasa da shi, daga abin da iyayensu su ke ɗauka a ka ko wace ranar kasuwa.

Allah ya kai kowa gida lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.