Waya Tana Magana, Amma Da Wane Harshe?

A wannan wata za mu taɓo wata magana da ta shafi 'yan'uwanmu makafi da masu raunin gani, waɗanda muke zaune da su a kowane zango, tun daga Nima da Sabon Zango a Akra, har Kumasi da Tamale da Wa. Maganar kuwa ita ce ta waya da kwamfuta. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa waɗannan na'urori na masu ido ne kurum, musamman wayar nan ta shafa wadda fuskarta sumul take kamar madubi, babu maɓalli ko ɗaya da yatsa zai laluba. To, ba haka abin yake ba, kuma an daɗe da wuce wurin.

Kusan kowace wayar shafa da ake sayarwa yau tana zuwa da wata manhaja a cikinta wadda aikinta shi ne ta karanto abin da ke kan fuskar wayar da murya. A wayoyin Android sunanta TalkBack, a iPhone kuwa VoiceOver, kuma dukansu biyu sun shiga waya tun shekarar 2009. Ba saye ake yi ba, kunnawa kawai ake yi a wurin saiti, a sashen da aka rubuta wa Accessibility. Da zarar an kunna, sai yadda ake taɓa wayar ya sake. Idan ka ɗora yatsa a kan wani abu, wayar ba za ta buɗe shi ba, za ta faɗa maka sunansa ne. In shi kake so, sai ka ƙwanƙwasa sau biyu da sauri. In ba shi ba ne, sai ka ja yatsa dama, ta faɗi na gaba. Da haka makaho yake kiran wanda yake so, ya ji saƙon da aka aiko masa, ya rubuta amsa, ya san ƙarfe nawa, ba tare da ya jira yaron gida ya dawo daga makaranta ba. Waɗanda suka gwanance ma sukan ƙara wa muryar sauri har mai ido da ke zaune kusa ya kasa kama kalma ɗaya.

A ɓangaren kwamfuta labarin ya fi tsufa. Wani Ba'amurke mai suna Ted Henter, wanda ya makance sanadiyyar haɗarin mota a 1978, shi ne ya fito da manhajar JAWS, wadda ta shiga Windows a 1995. Manhaja ce mai kyau, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin talaka, don a lokuta da dama kuɗinta ya fi na kwamfutar kanta. A 2006 wani matashi makaho ɗan ƙasar Ostireliya, Michael Curran, ya fara rubuta wata mai suna NVDA, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya shigo suka ci gaba tare, suka sake ta kyauta ga duniya. Ana iya ɗora ta a ɗan filashi a sa a aljihu, a soka a kwamfutar makaranta ko ta ofis a yi aiki. Allon bugun rubutu kuwa dama ba ya bukatar ido. Mai karatu ya laluba haruffan F da J a kan kwamfutar da ke kusa da shi, zai ji ɗan tudu a kan kowane. Da su mai bugu yake gane mazaunin yatsunsa.

Domin a ga nisan tafiyar da aka yi, a 1976 ne Ray Kurzweil ya nuna injin farko da ke duba takarda bugagga ya karanto ta da murya. Girmansa ya kai na babban akwati, kuɗinsa kuma wajen dala 50,000. Yau aikin nan kyamarar waya ke yin sa, da manhajoji na kyauta irin su Seeing AI na kamfanin Microsoft da ya fito a 2017, da Lookout na Google da ya biyo baya a 2019. A nuna wa waya takardar asibiti ko kwalin magani, ta karanto. Akwai kuma Be My Eyes, wadda wani ɗan Denmak mai raunin gani, Hans Jørgen Wiberg, ya kawo a 2015: makaho ya buga, wani ɗan sa kai mai ido a wata kusurwa ta duniya ya ɗauka, ya duba masa ta kyamara ya gaya masa launin riga ko ranar da magani zai lalace.

To, ina gizo yake saƙar? Wuri na farko shi ne harshe, kuma nan ne abin ya fi ci mana tuwo a ƙwarya.

Muryoyin da ke zuwa cikin waɗannan na'urori sun iya Turanci da Faransanci da Larabci sarai. Amma a miƙa wa muryar Turanci saƙon Hausa a ji abin mamaki. Harafin c da muke furtawa a "ciki" da "cuta", ita sai ta mai da shi s ko k. Ta zo kan ts ta yi tuntuɓe. Haruffanmu masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, ko ta tsallake su ko ta ɓata kalmar gaba ɗaya. Sannan ga wata matsala da ke cikin rubutunmu kansa: ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali. Mu da muka tashi da harshen mun san bambancin kuka na miya da kuka na hawaye, ko gari na zama da gari na tuwo, daga abin da ya gabata a jimla. Na'ura kuwa sai an koya mata da dubban jimloli. Abin da wannan ke nufi shi ne, makahon da ya yi boko ya ji Turanci ya samu ƙofa a buɗe, amma dattijuwar da yanar ido ko hawan jinin ido ya rufe wa gani, wadda Hausa da Twi kaɗai take ji, wayar tana yi mata magana ne da bakin da ba ta sani ba.

Ba wai ba a taɓuka komai ba. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun ƙarshen 2013. A 2023 kamfanin Meta ya saki wani aikin bincike na muryoyin na'ura a harsuna sama da 1,000, da Hausa a ciki. Shirin Common Voice, wanda Mozilla ta fara a 2017, yana tattara muryoyin 'yan sa kai suna karanta gajerun jimloli domin a koya wa na'ura jin magana, kuma akwai sashen Hausa. Ga nan wurin da matasanmu da ke kwana a kan waya za su yi abin kirki. Mu lura kuma, idan muryoyin Kano da Zariya kaɗai na'ura ta saba ji, ranar da ɗan Kumasi ya yi mata magana da Hausarsa ta zango za ta yi masa kunnen ƙashi. Wanda bai kai muryarsa ba, kada ya yi kuka in ba a gane shi ba. Kafin a kai can, ga wata 'yar dabara da mai sha'awa zai iya gwadawa: rubutun harshen Indunusiya yana furta c da j da y da wasula biyar kusan yadda muke furta su, saboda haka muryarsa takan fi ta Turanci kusa da Hausa. Dabarar wucin gadi ce, ba magani ba.

Wuri na biyu kuwa ba laifin na'ura ba ne, halinmu ne. Dubi yadda muke aika sanarwa a zaurukan WhatsApp na unguwa da na masallaci da na dangi. Ɗaurin aure, suna, sadakar bakwai, taron iyayen yara, duk an koma yin su a hoto mai ado, da furanni da rubutu mai lanƙwasa. Ga mai ido abin sha'awa ne. Ga makaho kuwa, sau da yawa abin da wayar za ta ce masa shi ne "hoto", ta yi shiru. Ranar, wurin, lokacin, duk suna kulle a ciki. Haka takardar da aka ɗauka a hoto aka tura a matsayin fayil. Idan ba manhajar da ke gane haruffa aka bi da ita ba, babu abin da za a ji. Maganin wannan bai kai minti ɗaya ba: wanda ya tura hoton ya rubuta bayanin a ƙasa da rubutu na sosai, ko ya danna ya faɗa da bakinsa. Saƙon murya dai shi ne abin da ya fi yi wa makafinmu rana a duk cikin wayar, don shi ba ruwansa da ƙugiya ko karin sauti.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ba a cika son faɗarsa a fili ba. Yanzu tallafin ɗa da ke ci-rani da kuɗin ciniki duk ta waya suke shigowa. Makahon da ke riƙe da ƙaramar waya mai maɓalli, wadda ba ta magana, dole ya miƙa ta ga wani ya duba masa nawa aka turo, sau da yawa har ya faɗi lambar sirrinsa a bakin rumfar mai cire kuɗi, jama'a na ji. Yawancin masu taimakon mutanen kirki ne, amma ba duka ba, kuma ko da na kirkin ne, babu babban mutumin da ke son kowa ya san abin da ke aljihunsa. Waya mai magana da ɗan abin sawa a kunne suna mayar wa mutum sirrinsa. Hukumar zaɓe ta ƙasar nan ta gane haka tuntuni, shi ya sa ta tanadi wata riga ta kwali mai ramuka da ake zura takardar ƙuri'a a ciki, makaho ya laluba ya dangwala da kansa. Abin da aka yi wa ƙuri'a, ya kamata dangi su yi wa aljihu. Mai shirin aiko wa mahaifinsa makaho da shadda ta sallah, ya yi tunanin waya, ya kuma ware sati guda na zama da shi har hannunsa ya faɗa, don sati na farko da TalkBack akwai ban haushi, har mai ido ma yakan rasa yadda zai kashe ta.

Kada kuma wani ya ce tunda waya na magana an gama da rubutun makafi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ya san yaron da ke saurare kawai ba ya koyon yadda ake jera haruffa, ba ya sanin inda aya take, lissafi kuwa sai dai a yi haƙuri. Louis Braille, ɗan Faransa da aka haifa a 1809, ya makance yana ƙaramin yaro, yana ɗan shekara 15 ya tsara rubutun nan na ɗigo shida da yatsa ke karantawa. Shekara 200 ke nan, har yau babu abin da ya maye gurbinsa. An yi shi da Larabci, akwai Alƙur'ani cikakke da aka buga da shi a mujalladai da dama. Abin da zamani ya ƙara shi ne wata na'ura da ake haɗawa da waya ko kwamfuta, mai jerin ƙananan ƙusoshi da ke tasowa suna komawa, tana mai da abin da ke kan fuskar wayar rubutun yatsa, layi bayan layi. Har yanzu da tsada, shi ya sa wurinta makaranta ne da ɗakin karatu.

Makarantun kuwa suna nan. Ta Akropong a Akuapem ta fara tun shekarun 1940, ta Wa kuma an buɗe ta a 1958. Daga nan yaro na iya wucewa sakandare irin su Okuapemman ko ta Methodist da ke Wenchi, inda makafi ke zama aji ɗaya da masu gani, har ya kai jami'a ko kwalejin horon malamai. Dokar naƙasassu ta 2006, mai lamba 715, ta ɗora wa iyaye nauyin kai irin wannan yaro makaranta. Ƙasarmu ta kuma shiga yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ta halatta a juya littafi zuwa rubutun makafi ko murya, a kuma tsallaka da shi iyaka, ba sai an nemi izinin mai littafin ba. Dalilin yarjejeniyar shi ne, bisa ƙiyasin ƙungiyar makafi ta duniya, littattafan da makaho ke iya samu ba su kai kashi 10 cikin 100 na waɗanda ake bugawa ba. A tambayi kai, a cikin ɗan abin da ya samu, nawa ne na Hausa?

Amma yaranmu nawa ne a waɗannan makarantu? Gaskiya ɗaci gare ta: a zangunanmu har yanzu idan yaro ya makance, abin da ake fara tunani shi ne sanda da ƙoƙo, da wani yaron mai ido da za a cire daga aji ya zama ɗan jagora. Asara biyu ke nan a gida ɗaya. Alhali mu ne mutanen da suka haifi Aliyu Namangi na Zariya, makahon da ya tsara Imfiraji, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta girmama da digirin dakta. Shi da ka ya riƙe iliminsa, wasu suka rubuta masa. Jikokinsa na yau suna iya rubuta nasu da hannunsu.

Sarakunan makafi na zanguna da limamai da shugabannin matasa su ne suka san gidan da ake ɓoye yaro makaho. Ƙungiyar makafi ta ƙasa, Ghana Blind Union, tana da hedkwata a Akra da rassa a yankuna, kuma tana koyar da kwamfuta. Ofishin ilimi na kowace gunduma yana da jami'in da ke kula da yara masu bukata ta musamman, shi ne zai nuna hanyar auna idon yaro da neman masa gurbi. Shekarar karatu a makarantun firamare takan fara a watan Satumba, don haka mai irin wannan yaro ya fara zirga-zirgar takardu tun kafin a tafi dogon hutu.