Tafiyar da ba biki, ba ta'aziyya

A ƙasarmu mutum ba ya kama doguwar hanya sai da dalili: ɗaurin aure, ta'aziyya, saro kaya, ko kuma an kira shi Abuja. Ka ce wa mutanen gida za ka cire kujerun bayan motarka, ka shimfiɗa katifa, ka nufi Mambila kai kaɗai don kawai ka ga ƙasa, sai a fara shawarar nemo mai ruƙiyya. Masu kyautata zato su ce aure za ka ƙara a ɓoye. Ni dai ina cikin masu ganin irin wannan yawo yana da amfani, kuma babban abin da ya hana shi yaɗuwa a nan shi ne rashin wurin kwana.

Hanyar da na fi sani ita ce wadda ta tashi daga Kano ta Birnin Kudu, ta ratsa Darazo da Dukku ta faɗa Gombe, sannan Billiri, Kaltungo, har gadar Numan, inda kogin Gongola ke zuba a Binuwai. Daga nan sai Jalingo, sannan Garba Chede, Bali, Serti. In kuna da yawa a mota, duk wannan nisa hirar siyasa ce ke cinye shi, ku isa ba wanda ya ga komai. Amma in kai kaɗai ne, da zarar tashar rediyo ta fara shashsheƙa ta ɗauke, sai zuciya ta shiga nata yawon. Ka tuna bashin da mamaci yake bin ka wanda magadansa ba su sani ba. Ka tambayi kanka wa ya dasa layin darbejiyar da ke bakin wani ƙauye, ko ya rayu har ya sha inuwarta. Ka lura cewa inda duk aka jera tudun rage gudu na gayya, ɗaya bayan ɗaya, da alama mota ta taɓa kaɗe ɗan wani a wurin. Babu wanda zai biya ka ko kwabo a kan waɗannan tunane-tunane, shi ya sa ba ka samun lokacinsu a gari, inda waya ke kiran ka tun kafin ka shafa addu'ar asuba.

Ƙasar ma tana sauya kaya a gabanka sannu a hankali. Kuka ta yi ƙaranci, giginya ta yawaita, mai shayi ya fara amsa maka da Fulatanci. A Serti ne hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, wanda aka kafa a 1991, kuma ya fi duk gandayen dajin Najeriya girma, da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 6,000. A can ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, ƙololuwar da babu kamarta a ƙasar nan. Daga Mayo Selbe hanya ke fara naɗe dutse tana hawa, kwana bayan kwana, direba na kallon allurar zafin inji yana salati. Kafin ka kai Nguroje ka rufe gilashi ka nemi rigar sanyi. Ga gonakin shayi a Kakara, ga shanu a kan tuddai kore shar. Yawancinmu mun fi sanin titunan Dubai a waya da wannan wuri.

To amma magariba na yi, sai tambaya ta taso: ina za a kwana? Mai hankali ba ya gangara daji ya kashe mota ya kunna risho. Shekarun da za a yi haka sun wuce, kowa kuma ya san dalili. Saura zaɓi biyu. Ko dai ka raɓa cikin direbobin tirela a wani gidan mai, ka kwana da ƙarar janareta da hayaƙin gas, ko ka nemi masallacin wani ƙauye, ka yi sallarka ta ƙasaru, ka jira liman ya waiwayo.

"Alhaji, lafiya dai? Mota ce ta lalace?"

"Lafiya lau, Baba. Yawo nake, ina neman inda zan ajiye mota in kwana a ciki."

Dattijon zai dube ka, ya dubi motar, ya aika yaro wurin mai unguwa. Daga nan kuma shirinka ya wargaje. Ba za su yarda ka kwana a mota ba, domin abin kunya ne a ce baƙo ya kwana a waje a garinsu. A share maka ɗakin zaure, a kawo tuwo, matasa su zauna suna tambayar ka labarin Kano har dare ya raba. Ka fito neman kaɗaici, baƙonka annabinka ya hana. Ban ce wannan aibi ne ba, sau da yawa ma shi ne abin da ya fi komai daɗi a tafiyar. Sai dai wanda yake son ya ɗaura gidan sauronsa, ya dafa shayinsa, ya zauna shiru da kansa, ba shi da inda zai yi hakan cikin aminci.

A Amurka, filayen gwamnatin tarayya da yawa suna barin mutum ya ya da zango kyauta har kwana 14. Marubucinsu John Steinbeck ya zaga ƙasar a 1960 cikin mota mai ɗaki, daga shi sai karensa, ya kuma fitar da littafi a kan tafiyar. Ba na ruɗuwa da hotunan da ake yaɗawa, domin da yawa daga masu kwana a mota a can kuɗin haya ne ya kore su daga gida. Abin da na ɗauka daga gare su shi ne an tanadi wuri. Mu ma ba baƙin abin ba ne: fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sun san kowane zango da ke kan hanya, sun san inda ruwa yake da wanda za a gaisar.

Na san abin da za a ce. Malamai za su tunatar cewa ba a so mutum ya yi tafiya shi kaɗai, musamman da dare, kuma na karɓa, shi ya sa ba na barin rana ta faɗi ina bisa titi. Wasu za su kawo batun mai, wanda tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya mai da ko zuwa ƙauye abin lissafi. Gaskiya ne, wannan ba sha'awar mai neman na cefane ba ce. Ga kuma shingayen hanya, inda katifa a bayan mota ke jawo tambayoyin da buhun masara ba ya jawowa.

Duk da haka, abin da nake nema bai kai kuɗin gyaran ofis ɗaya ba. Jihohin da ke tallar yawon buɗe ido kowace shekara, irin su Taraba da Bauchi mai Yankari da ruwan ɗumin Wikki, su keɓe fili a gefen garuruwan da ke kan hanya, a zagaye shi da katanga, a haƙa rijiyar burtsatse, a gina banɗaki da ɗan masallaci, a sa maigadi daga 'yan garin. Mai mota ya biya abin da aka yanka, a ba shi rasit. Mai shayi da mai tsire za su kawo kansu ba tare da an kafa kwamiti ba. A fara da Serti, tun da duk mai hawa Mambila daga Jalingo sai ya bi ta nan, kuma mafi yawansu yamma ce ke riskar su a wajen.