Wane Irin Zaman Lafiya Ake Nufi?

Daren Asabar aka kira ni gidan wani jigo a jam'iyyarmu. Bayan an gaisa an sha ruwa, sai ya miƙo min takarda mai ɗauke da sunayen shugabannin mazaɓu, an gama rubutawa tun kafin ranar taro. Ya ce, "Shugaban matasa, ka je ka kwantar da yaranka, mu zaman lafiya muke so." Na ce, "Ranka ya daɗe, wane daga ciki?" Ɗakin ya yi tsit. To tambayar nan ce na kawo muku yau.

Don kuwa kalmar nan baki ɗaya ke furta ta, amma kowa da abin da yake nufi. In manomi a Birnin Gwari ko Zurmi ya ce yana roƙon zaman lafiya, so yake ya je gona ya dawo gida ba a tare shi a hanya ba. A bakin ɗan kasuwa, nufinsa farashi ya tsaya wuri ɗaya, ya sayar yau ya iya saro kaya gobe. In gwamnati ta sa dokar hana fita ta ce zaman lafiya ya dawo, titi ne ya yi shiru, abin da ke cikin zukata yana nan. A gida kuma, sau nawa ake ce wa matar da ake cuta ta koma ɗakinta don a zauna lafiya? Wannan zaman haƙuri sunansa, kowa ya sani.

Bahaushe bai rasa sunan kowane zama ba. Akwai zaman doya da manja, ana kwano ɗaya ba a haɗu ba. Akwai zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba. Wallahi su ne muke yi a jam'iyyar nan shekara da shekaru, amma aka ɗauko suna mai daɗi aka laƙa musu.

A bakin manyanmu, zaman lafiya na nufin su rubuta suna mu tafa. Ranar kamfe mu ne liƙa fosta, mu ne wakilan akwati da ke kwana a wurin tattara sakamako. Ranar rabon takara kuma sai a ce yara su yi haƙuri, lokacinsu bai zo ba. Haba! Tun 31 ga Mayu 2018 aka sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Doka ta buɗe ƙofa, 'yan ɗaki suka sa sakata.

Za su ce ai masalaha ba haramun ba ce. Gaskiya ne. Amma Dokar Zaɓe ta 2022, sashe na 84, ta gindaya sharaɗi: kafin a ce wane ne ɗan takarar masalaha, sai duk masu neman kujerar da aka tantance sun amince a rubuce cewa sun janye da son ransu. In ba a samu haka ba, a koma zaɓen fid da gwani. Masalahar da aka yi ba da kai ba, aka kira ka da dare aka karanta maka, umarni ce.

Za su kuma tsorata mu da Zamfara, wai rigima ce ta kayar da APC a 2019. A duba hukuncin. Ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta soke nasarar jam'iyyar gaba ɗaya, daga gwamna har 'yan majalisa, saboda ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba. Ƙuri'un da talakawa suka sha rana suka kaɗa suka tashi a banza. Wanda ke cewa a bi ƙa'ida shi ne mai tsare gidan, ko da muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi.

Kuma ba yau aka fara kiran mai neman haƙƙi ɗan ta-da-zaune-tsaye ba. Haka aka kira 'yan NEPU bayan kafa ta a Kano a 1950. An ɗaure Hajiya Gambo Sawaba sau da dama da sunan kiyaye zaman lafiya. Yau hotunansu ne manyan namu ke ratayewa a falo.

Ban ce wani yaro ya ɗauki gora ko ya zagi dattijo ba. Duk wanda ya yi haka ba da yawunmu ba, kuma ni zan fara tsawata masa. Buƙatarmu ɗaya ce: a janye takardar nan, a sa ranar taro, kowace mazaɓa ta yi layi a ƙirga a idon jama'a. Wanda ya faɗi ya rungumi wanda ya ci, ni ma in na faɗi haka zan yi.

An ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma mun yarda. Amma ranka ya daɗe, ba a ce shiru ya fi ba. Allah Ya ba mu zaman lafiya mai adalci a cikinsa.